Kyandir Biyu a Kabari Ɗaya

Takardar ta iso ranar Talata, cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Mai kawo wasiƙu ya saƙale ta a jikin ƙofa ya wuce, bai ko ƙwanƙwasa ba. Na shiga da ita kicin, na wanke hannu, na goge tebur, sannan na buɗe. Takardar baftisma ce, da hatimin coci a ƙasa. Dobai Gáspár, ɗan Mátyás da Veronika, an haife shi a Kisrét ranar tara ga Janairu, 1917.

Gáspár shi ne mahaifin kakata. A shekarar da aka rubuta a takardar, ƙauyenmu yana cikin ƙasar Hangari. Bayan shekara uku aka ja sabuwar iyaka, ƙauyen bai motsa daga inda yake ba, amma ya wayi gari a wata ƙasa, wadda yau ake kira Sabiya. Yanzu doka ta ce duk wanda ya nuna cewa wani daga kakanninsa ɗan Hangari ne, kuma ya iya harshen, za a ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Tun da dokar ta fito mutane suke tafiya. Gida goma sha huɗu ne a layinmu, amma uku ne kawai hayaƙi ke fita daga cikinsu.

Shekarata ashirin da uku a lokacin. Kakata Rozália ta rasu a watan Maris. Ita ta rene mu, ni da yayata Piroska, bayan mahaifiyarmu ta rasu, babanmu kuma ya tafi aiki Jamus ya yi shiru. Ina aji shida shanyewar ɓarin jiki ta kama Kaka, ta tafi da hannunta na dama da maganarta. Piri ta ci gaba da makaranta a birni, ni na zauna a gida. Shekara goma sha ɗaya na yi da mutumin da ba ya magana sai da ido da yatsu. A hankali ni ma bakina ya yi nauyi. Idan na je shago, nuna burodin nake yi da hannu.

Piri ta auri wani mutumin Szeged, a can tsallaken iyaka. Gwaggon mijinta tana da gidan burodi da ɗan ɗaki a samansa. Gwaggon ta yi alkawarin riƙe mini aiki a gidan burodin da kuma ɗakin har ƙarshen Yuni, in dai na zo da takardata. Idan Yuni ya wuce za ta ba wata.

Da yamma Piri ta kira.

"Ta iso?"

"Ta iso."

"Etus, ki ɗaga murya mana, kamar daga cikin rijiya kike magana. To saurara. Shida ga Nuwamba, ƙarfe goma, a ofishin jakadanci. Wata takwas na yi ina farautar ranar nan, idan kika ɓata ta sai wani wata takwas ɗin, aikin kuma ya tafi. Za su yi miki tambayoyi da harshenmu su ji ko kin iya."

"Ai na iya."

"Kin iya a cikin cikinki. Su kuwa ba ciki suke saurara ba. Magana uku kawai nake so ki haddace. Sunan baban kakarki Dobai Gáspár. An haife shi a Kisrét a 1917. Manomi ne, ya rasu a 1991. Shi ke nan. Maimaita."

Na maimaita. Wani abu ya tsaya mini a rai da na zo kan shekarar, amma ban gane ko mene ne ba.

Daga ranar, kullum da safe idan na fita watsa wa kaji masara sai in tsaya in gaya musu. Sunan baban kakata Dobai Gáspár. Su ci gaba da tonon ƙasa. Wata safiya na ji dariya ta kan shinge. Teta Dushanka ce, wato Gwaggo Dushanka, maƙwabciyarmu, gwauruwa 'yar Sabiya mai murya kamar ta mai tallan kankana, da sigari a baki.

"Me suka ce, sun buga miki hatimin?" ta tambaya da Sabiyanci. "Wancan zakaran dai da ganinsa jami'in gwamnati ne."

Na sunkuyar da kai ina murmushi.

"Tafi abinki, 'yar nan. Ku tafi duka ku bar ni da karnukanku da magenku. Ni ce zan zama shugabar ƙauyen, in riƙa yi wa hankaki jawabi."

Wani lokaci ita kaɗai ce mutumin da nake jin muryarsa fuska da fuska a mako guda.

Ƙarshen Oktoba lokacin maƙabarta ne. Ranar ɗaya ga Nuwamba kowa yana kai furanni da kyandir kan kabarin nasa, kuma abin kunya ne a ga dutsen gidanku da datti. Da iyalin Sörös za su tafi Ostiriya, uwar gidan ta roƙe ni in riƙa duba kabarin mijinta, tunda ina zuwa namu. Bayansu wasu suka roƙa, sai wasu. Ban iya cewa a'a ba. A shekarar kaburbura ashirin da uku ne a hannuna, na rubuta sunayensu a bayan takardar kalanda. Nakan ɗauki bokiti da burushi da ƙaramar fartanya, in yi uku ko huɗu a rana.

Namu nake bari na ƙarshe. Kabarin Gáspár yana ƙarƙashin itacen gyaɗar dutse, inuwa ta sa gansakuka tana cika rubutun duk shekara. Tun Kaka tana da lafiya kyandir biyu take kunnawa a kansa, babba ɗaya da ɗan guntu ɗaya a gefe. Ina yarinya ban taɓa tambaya ba. Da na girma na so in tambaya, maganarta ta riga ta tafi. Duk shekara idan na ɗauki kwando zan fita, sai ta ɗaga mini yatsu biyu na hannun hagu daga kan gado, ta riƙe su a sama har sai na gyaɗa kai. Na ɗauka haka ake yi wa uba.

Na durƙusa na shiga dirza. Sunan ya fito, sannan lambobin. 1922 zuwa 1991.

Na ajiye burushin. Lambobin nan na san su kamar yunwar cikina, shekara goma sha ɗaya ina wanke su. Su ne suka tsaya mini a rai ranar da Piri ta sa ni maimaitawa. Na koma gida da jiƙaƙƙen hannu, na ciro takardar. 1917. Shekara biyar tsakani.

Na kira Piri. Tana wurin aiki, ina jin hayaniya a bayanta.

"Mai sassaƙa dutse ne ya yi kuskure," ta ce. "Wa ya sani ko a buge yake."

"Kaka ba za ta bari ba. Babanta ne."

"To sai me? Wa zai taso daga ofis ya zo ƙauyenku ya leƙa dutse? Suna ɗaya, iyaye ɗaya, ƙauye ɗaya, ga hatimi. Etus, don Allah kar ki ɓallo mana ruwa. Ki miƙa takarda, ki faɗi magana uku, ki rufe bakinki. Rufe baki ai shi ne abin da kika fi ƙwarewa a kai."

Ta yi dariya don in san wasa take yi. Ni ban yi ba.

Kwana biyu ina juya abin. A rana ta uku na busa wa keken Kaka iska na nufi Tóalja, inda gidan Fada yake, kilomita goma sha ɗaya tsakanin gonakin da aka riga aka girbe. Cocinmu ba shi da Fada nasa tun ina ƙarama, tsofaffin littattafan duk an kwashe su zuwa can. Sau uku na wuce ƙofar gidan ban iya tsayawa ba. A na huɗu wata tsohuwa ta leƙo ta taga.

"Ke, tseren keke kike koyo ko wurinmu kika zo?"

Julis néni ce, wato Inna Julis, mai yi wa Fada girki, ta haura tamanin. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Jikar Rozál ce wannan. Goshinta ne sak. Shigo, kin yi ja kamar barkono."

Fada Tibor matashi ne, ƙauyuka shida ne a wuyansa. Na same shi yana cin miyar wake a tsaye, makullin mota a ɗaya hannun. Na miƙa masa takardar, na miƙa masa guntun takarda da na kwafo lambobin dutsen a kai. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ajiye cokalin.

Littafin babba ne, bangonsa ya ci, yana warin ɗaki rufaffe. Fada ya buɗe 1917 ya bi layi da yatsa. "Ga shi nan. Yayarki ta ce a waya in nemo Dobai Gáspár kafin 1920, na nemo, na kwafa. Irin wannan takarda nakan rubuta talatin a wata." Yatsansa ya ci gaba zuwa ƙarshen layin, inda shafin ya lanƙwashe ya shige cikin ɗinki. Ya danne shi da tafin hannu. Akwai ɗan ƙaramin gicciye da baƙar tawada, da kwanan wata a gefensa. Sha biyu ga Nuwamba, 1917.

"Ubangiji," ya ce a hankali. "Ban buɗe nan ba."

Ya yi ta juya shafuka. Rubutun hannun ya canza, tawadar ta canza. A watan Afrilu na 1922 sunan ya sake fitowa. Dobai Gáspár, ɗan Mátyás da Veronika.

Julis néni tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. "Me kuke zare ido a kai? Haka ake yi a da. Idan jariri ya mutu, na gaba ya ɗauki sunan, don kar sunan ya fita daga gidan. Uwata ita ce Julianna ta uku. Ta farko kwana tara, ta biyu shekara biyu. Ita ce ta riƙe." Ta juyo gare ni. "Rozál ba ta gaya miki ba? Au, na manta, baiwar Allah."

"Ina aka binne shi?" Muryata ce, ni kaina na yi mamaki.

"Jarirai a da wa yake yi musu dutse? Ɗan katako ne, ya ruɓe. Amma in gidanku na da wuri, to a nan aka sa ƙanen daga baya, a kansa."

Na zauna a kan benci ba a ce in zauna ba. Kyandir babba, da ɗan guntu a gefe.

Can sai wani tunanin ya zo ya danne wancan. 1922 bayan iyaka ne. Baban kakata na gaske ba a cikin Hangari aka haife shi ba.

"To ba ni da hanya ke nan," na ce.

"Kina da ita, sai dai ta fi tsawo," in ji Fada. "Sai ki ƙara hawa mataki ɗaya. Iyayensa." Ya ɗauko wani littafin, na aure. Ya ɗan jima yana nema kafin ya samu: Mátyás da Veronika, Fabrairu 1914, a cocinmu. Ya zauna ya rubuta mini takardar auren, da takardar Gáspár na biyu, ya buga hatimi, miyarsa tana hucewa. "A ganina wannan ya isa, amma ba ni ke yanke hukunci ba. Kuma za su tambaye ki dalili. Sai kin yi musu bayani da bakinki."

Julis néni ta cusa mini burodi mai 'yan ƙwayoyi kamar riɗi a aljihu. "Bayani kuma? Wannan da ta zagaya gidanmu sau huɗu? Fada, sai dai ka sa ta a addu'a."

Na kira Piri na gaya mata.

"Allah sarki," ta ce. "Wata goma." Sai muryarta ta koma yadda take. "Amma saurara. Takarda ɗaya, magana uku, kin fito. Takardu uku kuwa sai tambaya ta haifi tambaya. Wane ne wannan, me ya sa biyu, me ya sa a fom ɗin neman aka rubuta 1917. Ke da ba kya iya cewa a ba ki burodi? Za ki tsaya kina kallon matar kamar tunkiya, ta rubuta cewa ba ki iya harshen ba. Ba ƙarya za ki yi ba, Etus. Ɗan gidanmu ne shi ma."

"Za su ce in faɗi aikinsa."

"Manomi!"

"Bai ko fara tafiya ba ya mutu, Piri."

"Wayyo ni. To ki zauna. Ki zauna da kaji da matattu har ki tsufa, ki koma Dushanka." Na ji ta ja hanci. "Na riga na sayi labulen ɗakin. Shuɗi. Kin ce kina son shuɗi."

Ranar ɗaya ga Nuwamba na fita tun la'asar da kwando biyu. Motoci biyar ne a bakin maƙabarta, uku da lambar ƙasashen waje. Mutanen suka ajiye furanni, suka ɗauki hoto, suka duba agogo. Wata mata da muka yi aji ɗaya ta gaishe ni, 'ya'yanta suna yi mata magana da Jamusanci. Kafin rana ta faɗi duk sun tafi, suna son su kai iyaka kafin layi ya yi tsawo.

Na bi takardar kalandata daga sama zuwa ƙasa. Sörös, Lele, Lele, Bakos, tsohuwar malama da ba ta da kowa. Kowane kabari kyandir ɗaya cikin jan gilashi. Na kunna wa Kaka nata, karo na farko, ƙasar ma ba ta gama kwanciya ba. A ƙarshe na zo ƙarƙashin itacen. Na kunna babban. Na kunna guntun, na kare shi da hannu har wutar ta kama.

Na so in ce masa wani abu, ban san me ake ce wa jariri ba. Sai kawai na faɗi sunansa da shekararsa, da ƙarfi, yadda nake gaya wa kaji. Babu kowa a wurin. Na tsaya har ƙafafuna suka yi sanyi, sannan na ɗauki kwanduna.

Ranar shida ga wata na hau bas ɗin ƙarfe shida da rabi. Ambulan biyu ne a jakata: mai ruwan ƙasa da takarda ɗaya, da fari da takardu biyu. Har muka tsallake kogin Tisza ban san wanda zan ciro ba.

Ɗakin jiran cike yake. Wani ƙato da rigar fata yana motsa leɓe yana kallon silin. Wata yarinya tana karanta abin da ta rubuta a tafin hannu. Kowa da maganarsa uku. Da aka kira lambata na tashi na shiga.

Matar da ke bayan tebur tana da furfura da tabarau rataye a wuya da sarƙa. Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta ce in ƙara faɗa, ba ta ji ba. Ta tambaya da me na zo, na ce bas. Ta tambaya ko hanyar ta yi kyau, na gyaɗa kai. Ta dube ni ta kan tabarau, ta rubuta wani abu gajere.

Ta jera takardar haihuwata, da ta mahaifiyata, da ta Kaka. "To, ta wane kaka kike nema?"

Hannuna ya shiga jaka ya fito da mai ruwan ƙasa. Shi ne a sama. Ta buɗe ta karanta.

"Ba ni labarinsa."

"Sunansa Dobai Gáspár," na ce. "An haife shi a Kisrét a 1917."

"Madalla. Me yake yi?"

Maganar ta uku tana nan a kan harshena, na faɗe ta sau ɗari a gaban kaji. Matar tana jira, biro a hannu. Ina jin agogon bango. Na dubi takardar a kan tebur, hatimin Fada ya ɗan karkace.

"Wata goma ya yi a duniya," na ce.

Ta ɗaga kai. "Na'am?"

"Su biyu ne." Na ciro farin ambulan, takardun suka zube ƙasa. Na durƙusa na tsince su. "Wannan ya mutu. Wannan ne baban kakata. Sunan wancan aka ba shi."

Matar ta ajiye biron. Ta sa tabarau, ta jera takardun uku gefe da gefe, ta daɗe tana kallo.

"A fom ɗinki an rubuta 1917."

"Eh."

"Wa ya gano?"

"Ni."

"Ta yaya?"

"A dutse."

"Wane dutse? Yarinya, ki gyara zama. Babu mai korar ki. Fara daga farko."

Ban san daga ina farkon yake ba, sai na fara daga bokiti. Na gaya mata yadda gansakuka ke cika rubutu a ƙarƙashin itacen, da irin burushin da ke fitar da ita ba tare da ya ci dutsen ba. Na gaya mata kaburbura ashirin da uku ne. Ta tambaya na su wa, na lissafa mata daga Sörös har tsohuwar malama, da inda 'ya'yan kowa suke yanzu. Na gaya mata yatsun Kaka biyu, na ɗaga nawa na nuna mata. Na gaya mata keken, da zagaye huɗu, da ɗan gicciyen da ya ɓuya cikin ɗinkin littafi, da Julianna ta uku. Wani wurin ta turo mini kofin ruwa. Wani wurin na faɗi kalma irin ta ƙauye, ta maimaita ta a hankali, ta ce rabonta da jin ta tun kakarta na da rai.

Da na gama na dubi agogon. Minti ashirin da biyar.

Ta ciro sabon fom ta miƙo mini. "Wancan ba zai yi ba, sai ki sake cikawa. A layin kaka ki rubuta Mátyás da Veronika. Zan jira."

Na cika a hankali, rubutuna manya-manya ne. Ta haɗa takardar auren da ta Gáspár na biyu da sauran. Takardar 1917 ta rage ita kaɗai a tsakiyar tebur. Na miƙa hannu zan ɗauka.

"Bar shi ya bi su," ta ce. "Yana nuna cewa iyayen suna ƙauyen a shekarar." Ta sa shi a tsakanin iyayensa da ƙanensa, ta maƙale su da ƙarfe. "Ba ni ke yankewa ba, manyanmu ne a Budapest. Zai ɗauki watanni, kuma ban yi miki alkawari ba. Amma wurin da aka tambaye ni ko kin iya harshen, na san abin da zan rubuta."

A tashar bas na kira Piri. Ta saurara har ƙarshe.

"Minti ashirin da biyar? Ke? Me kika ce mata?"

"Burushi."

"Na shiga uku," ta ce, tana dariya tana kuka. "In suka ƙi ki, da labulen zan shaƙe ki."

Sanyin shekarar ya yi tsawo. Dusar ƙanƙara ta rufe layinmu sau biyu, sawuna da na Teta Dushanka kaɗai ne a kai. Tsoho Bakos na gida na uku ya koma wurin 'yarsa a watan Janairu, ya kawo mini makullinsa da magensa. Kullum ƙarfe sha ɗaya nakan tsaya a taga in ga wucewar mai wasiƙu. Maris ya zo, Kaka ta cika shekara da rasuwa. Afrilu ya wuce. Piri ta daina tambaya, sai ta riƙa ba ni labarin wasu abubuwa, na san gwaggon ta fara yi mata maganar Yuni.

Ranar ashirin da uku ga Mayu ambulan ya zo, a saƙale a ƙofa kamar wancan. Na wanke hannu, na goge tebur. An amince. In zo in yi rantsuwa ranar sha huɗu ga Yuni.

Na karanta sau biyu. Na juya ina neman wanda zan nuna wa, gadon Kaka yana nan a gyare, magen Bakos tana barci a kai. Na ninke takardar na sa a aljihu, na je na ba kaji ruwa.

Kwana biyu kafin in tafi na ja Teta Dushanka zuwa maƙabartarmu. Ba ta taɓa shiga ba, tasu daban take a ɗaya gefen ƙauyen. Na ba ta takardar kalandar, na sake kwafe ta da manyan baƙaƙe. Muka bi layi-layi ina nuna mata.

"Ashirin da biyar har da Rozál da babanta," ta ce tana haki. "Ni da gwiwa ɗaya da rabi. Kuma ba ma 'yan cocinmu ba. Idan na mutu suka ƙi gaishe ni a can, sai na dawo na kama ki."

"Zan riƙa zuwa a Nuwamba."

"Haka duk suka ce."

Muka iso ƙarƙashin itacen. Ta karanto daga takardar tana nisanta ta da ido. "Dobai Gáspár, biyu. Biyu kuma? Shi wane ne, babban limami?"

Na gaya mata. Ba ta katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Da na gama ta cire sigarin daga baki, ta kashe shi a tafin takalminta, ta sa guntun a aljihu maimakon ta yar.

"Guntun a wane gefe?"

"Hagu."

"Hagu," ta ce.

Ranar tafiya ita ta riƙe mini jaka ɗaya har bakin titi. Kajin suna gidanta, da magen, da makullai biyu. Bas ya zo babu kowa a ciki sai direba da wata mata mai barci. Na zauna kusa da taga. Ina ta neman abin da zan ce mata ta gilashi, bakina ya koma yadda yake.

Bas ya ja. Ta tsaya a tsakiyar titi da tsohuwar rigar aikinta, ba ta ɗaga mini hannu irin na sallama ba. Yatsu biyu ta ɗaga, ta riƙe su a sama. Na gyaɗa kai, ko da yake na san daga nan ba za ta gani ba.